Kazar da Kika Yi wa Jinya, Gwaggo Hassia

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 17 ga Nuwamba 1987, da hantsi, ɗanki Moutari ya kira ni a asibitin da nake aikin jinya kusa da Bobigny, a gefen Paris. Bai tsaya gaisuwa ba. Ya ce Allah ya karɓi ranki a gidanki na Rillieux-la-Pape, kusa da Lyon, bayan wata bakwai kina kwance. Wata bakwai, Gwaggo, ni ɗiyar wanki ban taka ƙofarki ba.

Ke kika tarye ni da na zo daga Damagaram, kika cire rigar sanyinki kika yafa mini a tashar jirgi. Ke kika tsaya a layin takardu tare da ni, kina yi wa ma'aikata Faransancinki mai ƙarfin hali har suka gaji suka sa hannu. Bakinki da kaifi, kowa ya sani, amma ba wanda ya taɓa fita gidanki da yunwa.

Abin da ya raba mu, kunyar faɗarsa nake ji. A ƴar garkar da kuke nomawa bayan gari, mijinki Baba Illo yana kiwon kaji. Da na zo hutu a 1984, muka tarar sauran kajin sun sassare wata ƴar budurwar kaza a ka, har fata ta ɗaye. Ni mai takardar asibiti na ture ki gefe, na shafa mata jan maganin nan da ake sa wa yara a ciwo, na mayar da ita cikin ƴan'uwanta. Ban san kaza in ta ga ja ba ta barinsa ba. Da safe ƙashin kanta a waje yake.

Kika ɗauke ta kika kai gida, kika wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri. Kika nemi baƙin tukunya, kika rasa, don tukunyar gas ba ta baƙi. Sai kika ƙona gutsuren burodi har ya zama gawayi, kika niƙa, kika kwaɓa da man kaɗanya, kika rufe jan gaba ɗaya. Kwana goma tana cikin kwali a kicin ɗinki, kina ɗiga mata ruwa a baki da yatsa. Ta tashi.

Amma a ranar da kika kai ta gida, gaban baƙi, kin ɗaga ta sama kina yi wa likitancina ba'a, kin ce, “Ku ga aikin lokotoron Paris!” Aka yi dariya. Washegari na hau jirgin ƙasa, ban sake komawa Lyon ba. In kika kira, sai in ce, “Lafiya lau, Gwaggo, aiki ya yi yawa,” in ajiye.

Da ciwo ya kwantar da ke, Moutari ya so ya kira ni in zo in yi jinyarki. Kika hana. Ya ce cewa kika yi, “Ku bar Raliatou, tana da nata marasa lafiya.” Labarin ciwon dai ya iso ni ta bakin mutane. Na yi ta cewa sai hutu.

Ina cikin matan da suka yi miki wanka. Mai wanka ba ta faɗar abin da ta gani, ba zan faɗa ba. Sai dai aikina ke nan kullum, in juya baƙin da ban san sunan iyayensu ba duk bayan awa biyu, don kada kwanciya ta ci musu baya. Na san abin da kika rasa, kuma hannuna ne.

Allah ya jiƙan ki, Gwaggo, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, ya haskaka makwancinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Baba Illo, Moutari, da dangi na Damagaram, Allah ya ba ku haƙuri. Ku da kuka juya ta iyakar saninku, Allah ya biya ku. Ni kuwa wadda zan roƙa gafara ta riga ta tafi, sai ku sa ni a addu'a.