Ranar da Na Ja Kakata Zuwa Lambun Rinji

Jiya da yamma yaron maƙwabtanmu yana ba shukokin ƙofar gidansu ruwa, sai ƙamshin busasshiyar ƙasa da ta sha ruwa ya biyo ta taga ya same ni a ɗaki. Ƙamshin ban ruwa cikin bazara daban yake da na ruwan farko na damina. Shi ba ya zuwa da iska ko guguwa, a wuri ɗaya yake tsayawa, ko'ina kuma ƙasa na ƙuna. Na daɗe zaune ban motsa ba. Kai mai karatu, in kana da haƙurin sauraren tsohuwa, bari in gaya maka inda na fara sanin ƙamshin nan.

A Lahodu aka haife ni, zamanin Turawa. Garinmu ba ya da lambu. Ruwan sama kaɗai muke jira, mu shuka gero da dawa da wake, in aka kai amfani rumbu sai gari ya koma ja wur, maza su ɗaure kaya su tafi ci-rani. Gidanmu ƙarami ne: Baba, da Inna, da ni, da ƙannena, sai Kaka mahaifiyar Baba a ɗakinta kusa da turken awaki. Yanar ido ta rufe mata gani tun ban yi wayo ba, don haka ni ce 'yar jagorarta. Ni nake kai ta bayan gida, ni nake kai ta gaisuwar mutuwa, hannunta a kan kafaɗata. Tana da zane a fuska irin wanda babu mai shi a garin, layuka sirara daga goshi har haɓa. Na taɓa tambayar Inna, ta buge mini baki ta ce yaro ba ya tambayar fuskar manya.

A wata bazara labari ya shigo gari ta bakin masu zuwa kasuwar Wurno. Wai akwai wani tsohon rinji can bakin fadama, tsakanin Wurno da Rabah, gidan gona na wani babban basarake tun kafin zuwan Turawa. Magadansa sun koma birni sun bar soraye suna zuba. To wai wani Bature ya karɓi lambun gidan ya gyara, ya dasa itatuwan da ba a san su ba, kuma duk ranar Lahadi ana buɗe ƙofa kowa ya shiga ya yi kallo. Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne an ce akwai shukokin da ba a ci, ba a magani da su, kallo kawai ake yi, kuma an ɗauki mutane aiki suna ba su ruwa.

Mata suna ta wannan hira a tsakar gidanmu, Kaka tana kaɗi a bakin ɗakinta. Na ga mazarin ya tsaya a hannunta. Ta sa aka sake faɗin inda rinjin yake. Ta tambaya ko da gaske ne kowa na shiga, ba a tambayar mutum ko shi ɗan wane ne. Aka ce mata haka masu zuwa suka ce.

Baba yana ci-rani a lokacin. Kaka ta shaida wa Inna cewa tana son zuwa ziyara Wurno kafin ƙafafunta su ƙi. Inna ba ta so ba, ta ce a jira maigida ya dawo, amma suruka ba ta musu da uwar miji. Aka ɗora wa jakinmu akumari, aka ƙulla mana fura a ƙwarya, muka bi ayarin masu kai wake kasuwa. Ni murna kawai nake yi, don ban taɓa wuce gonakin garinmu ba.

Ba mu shiga Wurno ba. Da muka kusa, Kaka ta ce in tambayi hanyar rinji, muka rabu da ayari. Tun daga nesa na hangi abin: kore shar a tsakiyar farin fili, kawunan dabino sun yi sama, ga wani dogon soro a gefe wanda rabinsa ya rufta, azara a waje kamar haƙarƙarin mushe. Mutane na ta tururuwa, wasu a kan jakuna, wasu da ƙafa, har da 'yan Goronyo da suka kwana a hanya. A bakin zaure wani ɗan doka yana tsaye da kulki, yana maimaita wa kowa doka: ba a tsinka, ba a tofar da yawu, ba a taka ciyawa.

Muka ɗaure jaki muka shiga. Zauren yana da sanyi da warin jemage. Kaka ta saki kafaɗata ta dafa bango, tana shafa yaɓen makubar da ke jikinsa da tafin hannu tana tafiya. Kafin in ce mata akwai tudu a gaba, ta riga ta ɗaga ƙafa. Ta karya dama inda hanya ta karya, ba wanda ya gaya mata.

Da muka fita cikin lambun sai ƙamshin ya buge ni. An gama ban ruwan safe ke nan, ƙasa ta yi baƙi, ganye na ɗiga. Akwai lemun tsami, da rumman, da tsofaffin ɓaure, sai ƙananan mangwaro da aka jera kamar sojoji. An shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. Furanni kuwa ja da ɗorawa da wani launi da ban san sunansa ba. Mutane suna tafiya a hankali, hannuwansu a baya don kada su taɓa wani abu, suna magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki. Can ciki an gyara wani ɗaki an yi masa rufin kwano, nan Baturen yake sauka, amma ran nan ba ya nan.

"Mi kig gani?" in ji Kaka.

Na shiga ba ta labarin furanni. Ba ta saurara ba. Ta tambaye ni ko akwai rijiya ta gabas, mai jigon ɗiban ruwa, kusa da dabino biyu masu gindi ɗaya. Na duba na ce akwai rijiya, akwai dabinon, amma babu jigo, wani ƙarfe ne a kai ana juya shi da hannu. Ta tambaya wa ke juya shi. Na ce wani saurayi ne. Sai ta ce in duba ko akwai tsoho a cikin masu aiki.

Akwai guda ɗaya. Yana tsugune yana cire haki a wani fangalin shuka, bayansa ya ranƙwashe, gemunsa fari fat. Na ja ta har wurinsa. Ta yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya tsaya yana kallon fuskarta, ya daɗe yana kallo, hakin na zubewa daga hannunsa.

"Ke ta?" ya ce.

"Ni ta."

Ya kai mu gindin wani ɓaure nesa da mutane, ya shimfiɗa mata buhu. A nan, ina zaune a gefenta ina riƙe da ƙwaryar fura, na ji abin da ba a taɓa faɗa a gidanmu ba. Kakata baiwa ce a wannan rinji. An kamo ta tana yarinya daga wata ƙasa ta kudu, ita da ƙanenta, aka kawo su nan. Ita tana ɗaukar taki tana share fangali, shi yana jan jigo tun daga asuba. A shekarar da Turawa suka ci ƙasa, gidan ya rikice, bayi suka fara zamewa. Wani daga cikinsu, wanda daga baya ya zama kakana, ya ce mata ta zo su tafi. Ƙanen nata kuwa kurkunu ya kama shi a ƙafa biyu, ko tsayuwa ba ya yi. Shi ƙanen da kansa ya ce mata ta tafi. Ta yi masa alkawari za ta dawo da jaki bayan kaka ta ɗauke shi.

Ba ta dawo ba. Ta faɗi dalilan ɗaya bayan ɗaya, muryarta ba ta rawa, kamar ta daɗe tana jera su a zuci. Da farko an ce ana kama waɗanda suka gudu. Sai ciki. Sai mijinta ya ce sun riga sun gaya wa mutanen Lahodu su 'ya'ya ne, ba bayi ba, yunwa ce ta koro su, in ta je ta kawo gurgu mai irin zanenta, to an gama da su da 'ya'yansu. Sai shekara ta bi shekara, har kunya ta fi ƙarfin tsoro.

Tsohon ya bari ta gama. Sannan ya ce ƙanen nata ya rasu, kuma ba da daɗewa ba, 'yan damina kaɗan kafin zuwan Baturen. Ƙafa ɗaya ta warke, ɗaya ta shanye, da ita ya ci gaba da jan jigo har ya tsufa. Ya yi aure, matar ta riga shi, ba su haihu ba.

Kaka ta tambaya ko ya yi fushi da ita. Ko ya zaci ta mutu.

"Ya san inda kike," in ji tsohon. "Wani mai saida gishiri yag gaya mai. Wata shekara ya ɗau sanda yat tahi Lahodu. Ya iske ki bakin rijiya da goyo, kina dariya da mata. Yac ce in ya matso, huskatai za ta tona miki asiri. Sai yaj juyo."

Ban taɓa ganin Kaka ta yi kuka ba, kuma ran nan ma ba ta yi ba. Ta dai ɗora hannuwa biyu a kan gwiwoyinta ta riƙe su da ƙarfi. Bayan wani lokaci ta ce a kai ta inda yake kwance.

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ya ce makwancin bayin gidan yana bayan tsohuwar katanga ta gabas. Da aka faɗaɗa lambun aka rushe katangar, aka baje wurin, aka shuka ciyawa. Ya ce yana tsaye aka yi, ya so ya yi magana amma bai san ta bakin wa zai yi ba, kuma yana tsoron rasa abincinsa.

Ya kai mu. Fili ne mai faɗi, kore, sumul, an yi wa ciyawar aski daidai wa daida. A nan mutane suka fi taruwa, suna mamakin yadda ake ba ciyawa ruwa alhali babu dabbar da za ta ci. Tsohon ya nuna mini da haɓa wani wuri can tsakiya, babu tudu, babu alama. Na gaya wa Kaka. Ta ɗaga ƙafa za ta shiga, sai ɗan dokan nan, wanda ya zagayo, ya ɗaga kulki ya ce Iya a yi haƙuri, ba a taka ciyawa. Bai faɗa da tsawa ba. Kaka ta mai da ƙafarta.

Ta tsuguna a bakin fararen duwatsun, ta miƙa hannu ta dafa ciyawar da yatsunta, ta yi addu'a mai tsawo. Mutane suna ratsa mu suna wucewa. Na ji wata mata tana ce wa 'yar'uwarta, dubi makauniya ma ta zo kallon lambu.

A hanyar komawa, da muka hangi rumbunan garinmu, ta sa na tsai da jaki. Ta ce abin da na ji nawa ne, jinina ne, amma kada in kai shi bakin rijiya.

Da Baba ya dawo gab da shuka, ita da kanta ta gaya masa. Ina jin muryarsa daga ɗakinta, ƙasa-ƙasa amma da zafi, yana cewa yana da 'ya'ya mata, wa zai zo neman aurensu in maganar ta fita. Ya yi kwanaki ba ya kallon inda nake. Amma wata Juma'a na ga ya auni gero ya ba Inna ta yi gumba, aka raba wa yara sadaka, bai ce ta wane ne ba. Kaka ba ta ƙara taɓa mazari ba. Ta rage ci, ta rage magana, takan zauna fuskarta na duban hanyar da ke zuwa rijiya. Ana cikin yankan gero Allah ya karɓi abinsa.

Na riƙe maganar har na aurar da 'ya'yana. Yanzu jikokina sun sani, kuma ba su ga abin ɓoyo a ciki ba. Ɗaya ma cewa ta yi, to mene ne? Na ji daɗin haka, abin ya kuma yi mini ciwo, don saboda wannan abin da ya zama ba komai wani mutum ya juya da gurguwar ƙafa daga bakin rijiyar garinmu.

Shekarun baya, kafin hanyoyin wajenmu su zama abin tsoro, na sa jikana ya kai ni wurin a mota. Da ƙyar muka gane shi. Soron ya koma tudun ƙasa, awaki na hawa. Babu ɗakin kwano, babu fararen duwatsu, babu ciyawa. Albasa ce ko'ina, injin ban ruwa na ta ƙara. Dabinon nan biyu kaɗai suka rage, da su na yi kwatance na tsaya inda nake zato. Mai gonar, wani magidanci mai fara'a, ya bar aikinsa ya zo ya gaishe ni, ya tambaya ko wani abu muke nema. Na ce ɗan'uwana ne ke kwance a nan. Ya cire hula, ya ce Allah ya jiƙansa, sannan ya tambayi sunansa don ya riƙa sa shi a addu'a.

Sai a lokacin na gane ban san sunansa ba. Kaka ba ta ambaci sunansa a gabana ba, ni ma ban tambaya ba, kuma duk wanda zan tambaya ya riga ya tafi.