Inda Rauta Ke Kwana

Har na bar aikin nan ba na jin zan manta da ranar da na gano abin da ke damun intanet ɗin gidan Hajiya Ladi a Tudun Wada. Lokacin ina sabon ɗauka a wani ƙaramin kamfani a Kakuri, muna haɗa wa mutane intanet marar waya a gida. Ga wanda bai sani ba, aikin ba wuya: akwai ɗan akwati da ake kira rauta, ka sa masa layi, ka jona shi da wuta, ka sa lambar sirri, sai wayoyin gidan su kama. Ni kuwa a lokacin ko wannan ɗin sai da na rubuta a takarda ina leƙawa.

Ƙa'idar kamfanin ita ce sabon ma'aikaci zai yi wata uku na gwaji. In gida ɗaya ya kawo ƙorafi sau uku a kan aikinka, a ba ka takardar tuhuma. Na huɗu, ka kama gabanka. Ga shi matata na da tsohon ciki.

Shugaban sashenmu wani ne Injiniya Bala. In ka kira shi Malam Bala ba zai waiwayo ba, sai ka sa Injiniyan. Mutum ne mai takalmi mai tsini da jakar kwamfuta, Turancinsa ya fi aikinsa yawa nesa ba kusa ba. Shi ya raka ni gidan Hajiya ranar farko, wai zai duba hannuna. Na haɗa komai a kan teburin falo, Hajiya ta kira 'yarta da ke aure a Sudan, suka ga juna, har da ƙwalla. Da za mu fita Injiniya ya ɗaga yatsa ya ce, "Hajiya, na'urar nan mai tsada ce. A adana ta sosai."

Washegari ƙorafi ya iso: ba sabis. Na buga waya na ce ina zuwa. Na tarar da rauta a kan tebur tana aiki lafiya lau. Bayan kwana biyu, haka. Bayan mako, haka dai. Na uku kenan, aka miƙo mini takardar tuhuma.

Sai Injiniya ya ce zai je da kansa ya nuna mini yadda ake aiki. Ya buɗe kwamfuta, ya zagaya tsakar gida yana ɗaga waya sama kamar mai neman wata, ya yi ta gyaɗa kai. Daga ƙarshe ya yanke hukunci: wai na'urorin matatar man Rido ne ke katse sigina, ni kuma ban iya saitin da zai kauce musu ba. Rido fa, can nesa a bayan gari! Ina Rido, ina Tudun Wada! Na haɗiye dariya da baƙin ciki a lokaci guda, don a rahotonsa sunana ya rubuta.

Ranar Laraba na tafi gidan ba tare da na buga waya ba. Na yi sallama, na shiga, tebur wayam.

Na ce, "Hajiya, don Allah in tambaye ki. In mun tafi, ina abin nan yake kwana?"

Ta ce, "Af, ɗan nan, ai a adane yake, kamar yadda ogan naku ya ce."

Ta buɗe kabad ɗin da ta jera kwanukan silbarta, ta janyo wata ƙatuwar langa, ta ɗage murfi. Ga rauta a ciki, an naɗe ta da sabon ɗankwali, wayar wutar ta bi ta ƙarƙashin murfin zuwa bayan kabad, fitilunta sai ƙiftawa suke yi. Duk ranar da muka ce muna zuwa sai ta fito da ita ta goge, don kada baƙi su ɗauka ba ta kula da kayansu.

Na yi mata bayani cewa sigina ba ya ratsa ƙarfe, kuma a tamu sana'ar adanawa ita ce a bar ta a fili. Ta riƙe haɓa ta ce, "To shi mai jakar me ya hana shi faɗa da Hausar mutane?" Na kafa mata ƙusa a bango na rataye ta. Ba ta sake kira ba, sai ranar da ta aiko mini da dambun nama.

Da na ba Injiniya labari bai ko yi murmushi ba. A rahoton ƙarshen wata ya rubuta shafi biyu kan yadda bincikensa ya gano katsewar sigina sakamakon kewayen ƙarfe. Bai ambaci langa ba, bai ambaci Rido ba, bai ambaci wanda ya ce a adana ba. An dai janye takardar tuhumata, na tsira da aikina, aka yi sunan ɗiyata ina da albashi.

Saboda haka ku sababbi, za ku haɗu da irin Injiniya da yawa, masu auna iskar gari ba su tambayi mai gida komai ba. Ku bar su da jakarsu. In an ce muku ba sabis, kafin ku buɗe kwamfuta, ku gaishe da mai gidan, ku zauna, ku tambaye shi inda abin yake kwana.