Malam Daga-Ina Ya Tafi, Ya Bar Mana Sunaye Goma Sha Biyu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Ranar Talata, shida ga wannan wata, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran malaminmu na darasin cinikin ƙasa da ƙasa, wanda ɗalibai suka fi sani da Malam Daga-Ina, bayan jinyar ƙoda ta wata huɗu. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar, da ɗalibai waɗanda shi kansa bai san adadinsu ba. Labarin ya same ni a ofis ina gaban kwamfuta, takardar ƙarshe da ya rubuta da hannunsa tana cikin jakata.

Malam, na so in rubuta maka ta'aziyya mai sanyi irin wadda aka saba, in jera kyawawan halayenka in yi addu'a in tashi. Sau uku ina farawa ina yagawa. Raina a ɓace yake. Ina fushi da waɗanda suka ture ka daga aikin da ka kafa, ina kuma fushi da kaina, domin da hannuna aka ture ka. Ga shi ranar Litinin mai zuwa kwamiti zai zauna ya tabbatar da ɗaliban da za su tafi ziyarar karatu ta bana, kuma sunayen da ka zaɓa ba su ne a kan teburinsa ba.

Wanda bai san ka ba zai tambayi inda ka samo wannan laƙabi. Ranar da na fara shiga ajinka ina shekarar ƙarshe, ba ka rubuta komai a allo ba. Ka bi layin kujeru, ka ɗauki biron wani, ka ɗaga lemar wata, ka zo kaina ka zaro almakashin da ya leƙo daga jakata. Na mahaifiyata ne, tela ce, ta ba ni in kai wa mai wasawa.

"Daga ina?" in ji ka.

Na ce, "Daga kasuwa, Malam."

Ka ce, "To, kasuwa ce ta haife shi?"

Aji ya fashe da dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban sani ba ashe a ranar ka ba ni aikin da zai ci mini wata uku.

Haka tsarinka yake tun da ka kafa ziyarar, shekara goma sha huɗu da suka wuce. Kowane ɗalibi zai zaɓi abu ɗaya da ake sayarwa a ƙarƙashin hancinsa, ya bi sawunsa da baya: daga mai shago zuwa mai sari, daga mai sari zuwa wanda ya fito da kwantena, har ya kai ga sunan masana'antar da ta ƙera shi. Mutum goma sha biyun da suka fi nisa su ne za su tafi ƙasar waje, kowa da abinsa a jakar hannu, ya mayar da shi ƙofar da ya fito. Ba ka duban maki, ba ka duban ɗan wane ne. Idan wani ya ce maka tafiya mabuɗin ilimi ce, sai ka ce, "Ga wanda ya tafi da tambaya. Wanda ya tafi da akwati, akwati zai dawo da shi."

Sunana ya fito na huɗu, mahaifina ya ce ko da wasa, 'yarsa ba ta ƙetare teku da baƙin mutane. Sau uku kana zuwa gidanmu, kana zama a bencin ƙofar gida kana jiran ya dawo daga aiki. A na ukun ka zo da matarka, wadda duk muke kira Mama, ta ce masa ita ma za ta je, ɗaki ɗaya za mu kwana, kuma idan gashina ɗaya ya ɓata ya kama ta. Tun daga shekarar Mama ba ta sake fashin tafiyar ba, saboda iyaye irin nawa, har ranar da aka karɓe ta daga hannunka.

Ba zan manta ranar da muka shiga masana'antar almakashi ba. Na miƙa wa manajan nawa, ya juya shi ya yi murmushi, ya sa aka kawo wasu biyu masu kama da shi sak, har kwalinsu ɗaya. Ya ɗora su a kan sikeli ɗaya bayan ɗaya, nawa ne ya fi rashin nauyi. Tafinta ya ce mana, "Ya ce wannan shi ne wanda 'yan kasuwarku suke oda. Su suke cewa a rage ƙarfe, a bar kwalin yadda yake." Nan take na tuna kantar da ke babban yatsan mahaifiyata, da yadda take zargin hannunta duk lokacin da sabon almakashi ya dakushe cikin wata biyu. Hawaye suka zubo mini a gaban baƙi. Ba ka lallashe ni ba. Ka ce, "Share ki rubuta. Abin da muka zo gani ke nan. Ba su suka raina mu ba, mu muka yi odar rainin." Abin da na koya a tsaye cikin minti goma ɗin nan, littattafan shekara huɗu ba su koya mini shi ba.

Kuma kai ne ka tsayar da mu awa uku a tashar jiragen ruwa cikin yayyafi da sanyi, muna ƙirga kwantenonin da ke tafiya cike suna dawowa fanko. Da ka ga wani ɗalibi yana karkarwa, ka cire kwat ɗinka ka yafa masa, ka ci gaba da bayani haƙoranka suna haɗuwa. Sayayya kuwa ka haramta ta sai yammacin ranar ƙarshe, awa biyu cur, kana tsaye a bakin ƙofa da agogo. Mun yi ta gunaguni a bayan idonka, muna cewa wannan tsoho ba shi da tausayi. Allah Ya yafe mana.

To, sai tafiyar ta yi suna. Hotuna suka fara fitowa a kalandar jami'a, sai waɗanda ba su taɓa raka ka ko bakin mota ba suka tuna cewa abin yana bukatar kwamiti. Shugaban tsangaya ya zama shugabansa, ni kuma, da na zama ƙaramar malama a sashen, aka naɗa ni sakatariya. Shekarar farko aka ware kujeru biyu ga 'ya'yan waɗanda ake kira abokan jami'a. Ka yi magana, aka ce ka yi haƙuri. Shekara ta biyu suka zama biyar. Bara kuma aka cire ka daga jagoranci gaba ɗaya, wai don a tausaya wa lafiyarka, alhali a lokacin ko ciwon kai ba ka yi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Waɗanda aka zaɓa suka tafi kwana goma, suka ɗauki hoto a bakin ƙofar wata masana'anta ba su shiga ba, domin motar da za ta kai su manyan kantuna tana jira. Suka dawo da akwatuna har sai da aka ƙaro mota. Na tambayi ɗaya daga cikinsu abin da ya gano game da ciniki tsakanin ƙasashe, ya ce mini, "Malama, wallahi takalma sun fi araha a can."

Takardar cire ka ni na buga ta. Zan faɗa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina zaune a taron, na ji ƙaryar da kunnena, na sunkuyar da kai na rubuta, domin takardar tabbatar da aikina tana cikin aljihun teburin shugaban tsangaya tana jiran sa hannunsa. Washegari ka shigo ofishina riƙe da takardar cire ka. Ba ka ɗaga murya ba. Ka ajiye ta a gabana ka ce, "Daga ina?"

Na ce, "Daga kwamiti, Malam."

Ka ce, "To, kwamiti ne ya haife ta?"

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Ka san na iya bin sawu, kai ka koya mini, kuma ka san idan na bi sawun wannan takarda a yatsuna zai tsaya. Ka ɗauki abarka ka fita, ka ja mini ƙofa a hankali. Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi.

Duk da haka bana ma ba ka fasa ba. Ka ba ɗalibai aikin bin sawu kamar kullum, da ciwo ya kwantar da kai suka riƙa kai maka rahotanninsu asibiti. Mama tana riƙe maka takarda, kana dubawa da hannun da ba a sa wa allurar ƙarin ruwa ba. Kwana tara kafin rasuwarka ka aika a kira ni. Na je ina jin kunyar haɗa ido da kai. Ka miƙo mini falle ɗaya, sunaye goma sha biyu, rubutun yana gangarawa gefe saboda rawar hannu. Ka ce, "Ke ce sakatariya. Ki kai musu." Ba ka ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya wuce ba.

Ta farko a jerin ita ce wadda 'yan ajin yamma suke kira Maman 'Yan Biyu, mai injin niƙa a bayan gidanta. Bel ɗin injinta da ke tsinkewa duk bayan mako shida ta bi. Ta ratsa masu sari huɗu, ɗaya ya kore ta da tsawa yana zaton mai leƙen asiri ce, ta koma washegari. Ta bar yaranta wurin ƙanwarta ta hau mota har tashar jiragen ruwa, ta dawo da sunan masana'anta da lambar kwantena. A gefen sunanta ka rubuta, "Ban taɓa samun wanda ya kai nan ba." Da na nuna wa shugaban tsangaya, ya duba ya ture da bayan hannu. Ya ce matar ba ta iya harshen baƙi da kyau ba, ba za ta wakilci jami'a yadda ya kamata ba. Ya ba ni nasa jerin in buga. Mutum takwas a ciki ba su taɓa bin sawun ko allura ba.

Shi ne kuma ya zo gidanka ranar Laraba, ya zauna a gaba, ya ciro hankici yana share ido. Ya ce jami'a ta yi babban rashi, kuma don tunawa da kai an yanke shawarar sa wa ziyarar sunanka. Mutane suna ta gyaɗa kai suna sa albarka. Ni kuwa a raina cewa nake yi: Ihu bayan hari! Mutumin da ba ku iya bar wa kujera ɗaya a jirgi ba yana raye, shi za ku rataya sunansa a kan yawon kantuna? Da ya shiga yi wa Mama gaisuwa ya maimaita mata albishir ɗin, ta ɗago ta dube shi ta ce, "Ranka ya daɗe, suna yana da shi tun ranar da aka raɗa masa. Tafiyar ce kuka karɓe." Ya shiga neman takalminsa.

Malam, jiya na yi abin da ya kamata in yi tun bara. Na kwafi takardarka, na liƙa ta a allon sanarwa na sashe, da rubutun hannunka yadda yake, na kuma aika wa kowane ɗan kwamiti nasa. Na ga Maman 'Yan Biyu tsaye gaban allon, ta dafa sunanta da yatsa. Kafin azahar shugaban tsangaya ya kira ni, ya tuna mini, cikin lumana, abin da ke cikin aljihun teburinsa. Na ce masa ya ci gaba da ajiyewa. Jerinsa ba zan buga ba, ba kuma zan sa masa hannu ba. Ban san ko za su bar ta ta tafi ba, ban san ko ni kaina zan kai ƙarshen shekara a wannan ofis ba, kuma ƙarya nake yi in na ce ba na tsoro.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa Ka haskaka shi, Ka sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi. Duk ɗalibin da ya buɗe wa ido, Ka sa ladan ya riƙa iske shi har ranar tsayuwa. Ka sa Aljanna ce makomarsa, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen.

Mama, Allah Ya ba ki haƙurin wannan rashi, Ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar da kika yi da shi da kuma 'ya'yan mutane. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa biyar da 'yan uwansa, da duk wanda ya taɓa tsayawa a gabansa riƙe da biro ko bokiti ya rasa amsa. Allah Ya albarkaci bayansa.

Ni kuma, Malam, ban samu na roƙe ka gafara kana raye ba, nauyin bakina ya hana ni, yanzu sai dai in roƙi Allah. Ranar Litinin za su ɗaga takardarka su tambaye ni daga ina ta fito. Wannan karon zan bi sawunta da su, tun daga injin niƙa har gadon asibiti, kuma ba zan sunkuyar da kai ba.