Lallausa, Ɗiyar Gulbi

Duk lokacin da na tuna da Kaka Tumba sai raina ya yi sanyi, jim kaɗan kuma ya ɓaci. Ita ce mahaifiyar babanmu, Bagobira mai zanen fuska har kunne, kuma a ɗakinta muka tashi ni da yayana Isiya, a wani ƙauye na bakin gulbi tsakanin Isa da Sabon Birni. Ba za ni faɗi sunan ƙauyen ba, domin har yanzu akwai namu a can.

Lokacin da na fi so a shekara shi ne bayan damina, sa'ad da ruwan da ya malale fadama ya ja da baya. Yakan bar sabuwar ƙasa shimfiɗe a kan tsohuwa, mai duhu, mai santsi, tana ƙyalli kamar an shafa mata mai. Maza su wuni a can suna yanka fangali, mu kuma mu kai musu fura. Idan an yi sallar isha, sanyi ya fara sauka, sai Kaka ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta binne mana dankali a toka. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya zauna ya naɗe ƙafa.

"Ga ta nan tahe, wa ka tarbon ta?"

"Mu ka tarbon ta, Kaka!"

Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma wadda muka fi roƙo ita ce ta 'ya'yan Gulbi. Ta ce Gulbi yana da 'ya'ya uku da yake goyowa daga ƙasa mai nisa kowace damina. Babban shi ne Yashi, mai nauyin jiki, da an ɗan taɓa tafiya sai ya ce ya gaji, ya zube a bakin gaɓa. Ƙaramar ita ce Laka, mai naci, ba ta sauka daga bayan ubanta sai an kai can ƙarshen tafki inda ruwa ya kwanta. Ta tsakiya kuwa sunanta Lallausa, ita tana sauka ne inda ruwa ya rage gudu, ta kwanta a hankali.

A nan Kaka takan tsaya ta kwance bakin zanenta. Kullum akwai ɗan ƙullin ƙasar fadama a ciki. Sai ta zuba mini a tafin hannu.

"Murza ki ji, Hassi. Da yashi na, da kin ji shi yana cizon ki. Da laka ta, da ta liƙe miki. Wagga hwa?"

"Kamar garin da aka tankaɗe, Kaka."

"To ita ta Lallausa. Tana riƙe ruwa awa laka, tana barin saiwa ta wuce awa yashi. Amma ba ta son wulaƙanci."

Mutanen wani gari, in ji ta, suka gane halin Lallausa. Ba sa shigar ta sai ta sha iska. Idan fuskarta ta yi ɓawo bayan ban-ruwa, su farfasa shi da bakin kalme, wato fartanya, don tsiro ya samu hanya. Su bar ciyawa da itatuwan bakin gaɓa su riƙe ta. Da rani makiyaya su shigo da shanu su ci harawa su bar taki. Garin ya ƙoshi har yana ciyar da baƙi.

Ana nan sai wani ƙato mai suna Na-Ƙi-Roƙo ya zo da mahaya. Ya ga rumbuna cike, ya kori mutanen garin zuwa kan tudu, ya ce fadama tasa ce. Bai jira ta tsane ba, ya shiga da dawaki suna sukuwa a kanta har ta daddale kamar daɓen ɗaki. Ya watsa iri, ɓawo ya rufe shi, ko ɗaya bai fito ba. Haushi ya kama shi, ya sare itatuwan gaɓa wai su ne ke shanye masa ruwa. Da damina ta dawo, Gulbi ya ga abin da aka yi wa ɗiyarsa, ya sunkuce ta ya goya ya wuce, ya bar wa ƙaton Yashi tsura. Na-Ƙi-Roƙo ya ƙare yana bin bukkokin waɗanda ya kora yana roƙon ƙanzo.

Mu kuwa mu yi ta shewa. Isiya har tashi yake yana kwaikwayon tafiyar ƙaton da ƙoƙo a hannu. Kaka ta tono dankali ta karkaɗe toka, ta raba mana, ta ce:

"Ku riƙe wagga. Hwadama ba ta ciyad da azzalumi. Gatana ta ƙare, wanda bai kwana ba ya sha hayaƙi."

Na riƙe kuwa. Na girma da ita, na yi aure da ita, na faɗa wa 'ya'yana ita. Kaka ta rasu cikin rufin asiri, a kan gadonta, kafin duniyar nan tamu ta birkice, kuma ina gode wa Allah da bai nuna mata ba.

Da 'yan bindiga suka fara shigowa yankinmu, dabbobi suka fara kwashewa. Ba su bar na manomi ba, ba su bar na makiyayi ba. Buba, Bafulatanin da shanunsa ke kwana a fadamarmu kowane rani tun zamanin babanmu, da sanda kawai ya tsallaka Nijar. Daga nan suka ce ba mai shiga gona sai da izininsu. Sannan wata rana bayan ruwa ya janye, suka zo a kan babura suka zagaya bakin gulbi, suka nuna gonakin da suka fi kyau, suka ce nasu ne. Tamu tana ciki.

Ranar da na ji, wallahi abin da ya fara zo mini a rai shi ne Na-Ƙi-Roƙo. Na ce wa mijina, "Bar su. Mi sunka sani ga hwadama? Za su tattake ta, ta hana su." Mace mai 'ya'ya, ina kafa hujja da tatsuniya!

Ashe azzaluman zamaninmu sun fi na Kaka wayo. Ba su kori manoma ba. Tara mazan gari suka yi a bakin masallaci, suka ce kowa ya fito da kalmensa. Isiya ya ce ba ya noma gonar ubansa ya ba wani. Suka ɗaure shi a jikin itace cikin rana tun hantsi har la'asar, matarsa da 'ya'yansa suna kallo. Kashegari ya ɗauki kalme. Ya sa aka fitar da mu mata da yara zuwa Isa, shi da mijina da sauran maza suka zauna, domin an ce duk gidan da namijinsa ya gudu za a cinna masa wuta.

Isiya ne ya ce wa 'yan bindigar a jira ƙasa ta sha iska. Shi ya yanka fangali, ya yi dashe, ya farfasa ɓawo, ya ja ruwa daga rijiyar da babanmu ya gina, mai bindiga yana zaune a inuwa yana danna waya. Duk abin da Kaka ta zuba masa a kai tun yana yaro, da shi ya yi musu bauta. Fadama kuwa ta ba da amfani, irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Ba ta yi ɓawo ba, ba ta yi fushi ba, Gulbi bai zo ya goya ɗiyarsa ba.

Na daɗe ina jin haushin ƙasar nan kamar mutum ce ta ci amanata. Ina zaune a ɗakin aro a Isa, ina auna garin masara da gwangwani, ina tuna yadda take kwance can tana ƙoshar da waɗanda suka ɗaure yayana. Na ji haushin Kaka ma, Allah ya gafarta mini, don ta sa mun yi barci da daɗin cewa zalunci yana kashe kansa.

Yanzu na gane ba laifinsu ba ne. Ƙasa ba ta da ido, wanda ya san halinta shi take ba, ko da bindiga a ƙeyarsa. Kaka kuma jikoki take lallashi, sai ta ɗora wa Gulbi aikin da na mutane ne. Hana azzalumi ci aikin masu iko ne, waɗanda suka san hanyar ƙauyenmu sarai lokacin neman ƙuri'a, suka sha furarmu, suka ɗauki hoto a cikin fadamar nan suna murmushi. Yau idan an kai musu kuka sai su ce a yi ta addu'a. Muna yi! Mun fi su yi. Amma motocin da ke ɗauko amfanin gonakin nan ba ta sama suke bi ba, kan hanya suke wucewa da rana tsaka, kowa yana gani, a sauke a kasuwa, a saya a sayar. Wannan ne ke hana ni barci.

Ranar wata kasuwar Isa, sai ga Isiya ya yi sallama. Da ƙyar na gane shi, wuyansa ya zama kamar sillen kara. An sa shi rakiyar lodi ne, ya samu ya zame ya zo ya ga 'ya'yansa. Bayan mun gaisa ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yan albasa, manya, jajaye, waɗanda suka zube daga buhu. Ya ajiye a gabana.

Na ture su da ƙafa. "Yaya, ba ni sa albasar azzalumai ga tukunyata."

Ya dube ni. Sannan ya sunkuya ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya goge da rigarsa.

"Tasu ta ina, Hassi? Wanne cikinsu yad dasa ta? Wa yab ba ta ruwa? Yanka ki sa miya, yara su ci. Su san ubansu manomi na."

Na yanka na sa. Muka zauna muka ci tare, yaran suna side hannu. Miyar ta yi daɗi, kuma daɗin nan ya fi komai ƙona mini rai. Na roƙe shi ya kwana, ya girgiza kai. Ya ce akwai sauran fangali da ba a cire ba, idan ba a ba su ruwa da safe ba, shi za a tambaya. Ya wanke hannu, ya shafa kan ƙaramin ɗansa, ya kama hanya tun rana ba ta faɗi ba.