Ɗakin Takunkumi na Kawu Tanko

Duk wanda ya zauna Tandabawi, unguwarmu a Makka, bayan babban yaƙin nan ya san halin Kawu Tanko, wan mahaifiyata. In ayarin alhazai ya iso ta Sudan, kowa na tambayar gajiya, shi kuwa hannun mutane yake leƙe. Da ya ga tabon cizo sai ya matso.

"Kura ko biri?"

Bawan Allah ya sunkuyar da kai, ya ce ai ya tuba, abin da ma ya kawo shi Makka ke nan.

"Tuban naka ne," in ji Kawu. "Kayan aikin nake so."

Da haka ya cika ɗaki guda: takunkumin kura, akayau na gardawa, goran maciji, 'yar rigar biri mai maɓalli. Kowanne da takarda ɗaure da ajami: garin da ya fito, yadda ake wasan, da sunan dabbar. Shi kansa ko kyanwa tsoro yake ji.

Ba ya ba da aro. Mai son gani sai ya wanke hannu, ya zauna a tabarma, Kawu na tsaye a kansa kamar dogari. Wata shekara matarsa, Gwaggo Ladi, ta ɗaure ragon layya da sarƙar wani biri. Kwana uku bai ci tuwonta ba. Ya ce birin nan ya zaga Kano da Zinder, ragon kuwa me ya taɓa iyawa?

Mai sukarsa kullum shi ne Malam Idi, dattijon da ke koyar da karatu a lungunmu. Yakan ce kayan shashanci ne, bai kamata su kwana kusa da Harami ba. Kawu ya ce, "Halas, magana ta ƙare, ya shehu," ya ƙara kwaɗo.

Da Kawu ya rasu, ranar sadakar uku Malam Idi ya ce a ƙone kayan. 'Ya'yan mamaci suka yarda, ni kuwa mabuɗin ke hannuna, ba ni da ta cewa, ko da yake raina bai so ba. Malam ya shige gaban kowa, ya nufi wani tsohon takunkumi kamar ya san inda yake. Ya daɗe yana karanta takardar. Ni na leƙa ta bayansa. An rubuta: "Na kura Ta-Sallah. Mai ita mutumin kirki ne, ba a faɗin sunansa."

Sai a lokacin na lura da tabon cizon da ke wuyan hannun Malam. Shekara ashirin yana zagin Kawu, Kawu bai taɓa buɗe baki ya tona shi ba.

Malam ya mai da takunkumin wurinsa, ya share ido da gefen rawani.

"Ku rufe ɗakin," ya ce. "Mai shigowa ya wanke hannu."

Allah ya jiƙan Kawu Tanko. Yadda ya rufa wa bayinka asiri, ya Ubangiji, ka rufa masa nasa.