Lambobin Baba da Jikansa da Ya Shiga Sojan Ruwa

A wannan watan Baba ya cika shekara tara da rasuwa. Duk shekara nakan yi masa sadaka ne in yi shiru, amma bana shirun ya gagare ni. Jikansa, ɗana Mubarak, ya zo hutu daga teku da lambar yabo a aljihun jakarsa, kuma tun ranar ban daina tambayar kaina abin da Baba zai ce ba.

Waɗanda suka daɗe a unguwar Plumstead ta Landan za su tuna Malam Isiyaku, dogon dattijon nan da ya yi aiki a sashen gidaje na council, wato ƙaramar hukuma, har ya yi ritaya. A Lokoja aka haife shi, cikin Hausawa fatake da suka zauna bakin kogi. Karatu ne ya kawo shi unguwar Bloomsbury, aure da aiki suka riƙe shi a Landan. Bayan son gardama, abin da aka fi saninsa da shi shi ne tara lambobin yabo na sojojin ruwan Birtaniya. Ranar Asabar yakan zaga shagunan tsofaffin kaya da wuraren gwanjo, ya dawo da ɗan ƙullin takarda a aljihu. Yana da akwatin katako mai durowa-durowa a ɗakinsa, nan yake jera su, kowace da ƙyallenta da ya koɗe.

Abokansa na masallaci ba su taɓa gane abin ba. Na sha jin suna ce masa, "Malam, kayan waɗanda suka ci ƙasarmu kake gogewa?" Sai ya ce ba gogewa yake yi ba, karantawa yake yi. Gaskiyarsa ne kuwa. Tsofaffin lambobin nan akan zana sunan mai su da sunan jirginsa a gefensu, da ƙananan baƙaƙe. Baba yakan sa gilashin ƙara girman rubutu ya bi sunan, daga nan ya yi watanni yana neman ko wane ne mutumin, a ina aka haife shi, ina jirginsa ya je.

Akwai durowa ɗaya da ya fi daɗewa a kanta. Lambobin baƙar fata ne, mutanen gaɓar yammacin Afirka da aka ɗauka aikin zuba kwal da tuƙa kwalekwale a jiragen yaƙi. Da yawansu ba sunansu na yanka aka zana ba, sunan da hafsoshin jirgi suka laƙa musu don raha ne. Akwai wadda in ka fassara sunan da ke jikinta, Kwalbar Giya zai ba ka. Baba ya ce min, "Hajara, wannan mutum yana da uwa, kuma ba haka ta kira shi ba." Bai taɓa gano ko ɗaya daga cikinsu ba.

Wata Asabar da rana, ina gidan, wata tsohuwar Baturiya ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ta wurin wani dillali ta gano cewa lambar kakanta tana hannun Baba. Kawunta ne ya sayar tun tana budurwa, ita kuwa tana so ta saye ta, ta bar wa jikokinta kafin ta mutu. Baba ya sa na kawo mata shayi, ya ɗauko lambar ya ajiye a tebur. A kan ƙyallenta akwai ɗan ƙarfe mai ɗauke da sunan wani kogi. Ya tambaye ta ko ta san abin da aka yi a kogin. Ta ce a'a.

Sai ya ba ta labarin da ni kaina ban taɓa ji ba sai ranar. Kakarsa ba 'yar Lokoja ba ce. A wani gari na ƙasan kogi aka haife ta, kuma tana ƙarama jiragen Turawa suka tsaya a gaban garin da safe suka buɗe igwa. Ta gudu daji da uwarta. Ƙaninta yana bakin ruwa, ba a sake ganinsa ba. Har ta tsufa ba ta shiga jirgin ruwa mai inji. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce bai san ko jirgin kakan baƙuwar ne ya yi harbin ba, amma kogin ke nan, zamanin ke nan, kuma don wannan aiki aka ba da lambar.

Matar ta ajiye kofin shayinta. Can ta ce kakanta bai kai shekara ashirin ba lokacin, kuma ba ta taɓa ganin ya rataya lambar ba. Abin da take tunawa kawai, duk daren da mutanen ƙasar nan suke hura wuta a fili a farkon sanyi, yakan rufe kansa a ɗaki, ba ya son warin ciyawa tana ƙonewa, irin na jinka in ta kama wuta. Baba ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce ba zai sayar ba. Ta yi godiyar shayi, ta ɗauki sandarta ta tafi.

Kwanaki Baba ba ya cin abincin kirki. Rannan ya sa rigarsa ta sanyi, ya hau jirgin ƙasa ya kai mata lambar har gida, bai karɓi komai ba. Abu ɗaya ya roƙa, in za ta ba jikokinta, ta faɗa musu sunan garin. Na zaci zai dawo da sauƙin zuciya. Sai ya zauna bai ko cire takalmi ba, ya ce, "Ban san ko na yi daidai ba. Ina jin kamar na ɗauki shaidar kakata na miƙa wa wasu." Ba mu sake jin labarin matar ba, kuma ba mu san ko ta cika alkawarin ba.

Duk wannan zamanin Mubarak yana tasowa a gindin akwatin nan. Ina aikin jinya, wani lokaci dare wani lokaci rana, don haka wurin kakansa yake yini. Baba yana kiransa abokina, yana yi masa Hausa shi yana amsawa da Turanci, suna jera lambobi a kan darduma. Ya koya masa sunayen jirage da na tekuna, ya ba shi labarin waɗanda suka faɗa ruwan ƙanƙara don ceto abokansu. Labarin garin kakarsa kuwa bai ba shi ba. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Bari ya ƙara girma." Ciwon zuciya ya ɗauke shi yaron bai gama sakandare ba.

Bayan 'yan shekaru Mubarak ya same ni a kicin ya ce ya nemi shiga sojan ruwa, har an kira shi. Na yi faɗa, na yi kuka, na kai ƙara wurin kawunsa. A lokacin ne na ba shi labarin garin, amma na ba shi ne cikin fushi, a matsayin abin da zan doke shi da shi, shi kuwa ya ji shi a haka. Ya ce min wancan zamani ya wuce, ƙasarsa ce nan, a nan aka haife shi. Sannan ya faɗi abin da ya fi yi min ciwo, ya ce saboda Kaka ne yake son teku.

Shi ya sa nake ta juya maganar. Wata rana in ga Baba zai rungume shi. Mutum ne da bai taɓa raina ƙaramin soja ba, yakan ce yawancinsu yaran talakawa ne da yunwa ta kora bakin teku. Zai sa gilashinsa ya duba gefen lambar, ya ga sunan jikansa cikakke, sunan da aka raɗa masa ranar suna. Wata rana kuma in tuna fuskarsa ranar da ya dawo daga gidan tsohuwar nan, sai in ga ba zai iya ko taɓa lambar ba. Abin da ya tara don kada a manta, shi ne ya ja yaron zuwa rundunar da lambobin suka fito. Ban san yadda zai ɗauki wannan ba, kuma ba na jin shi ma zai sani.

Lambar Mubarak ta watannin da jirginsu ya yi ne a wani teku inda ake harbin jiragen kaya, su kuma suna mayar da wuta. A watannin nan ban yi barcin kirki ba, wayata tana ƙarƙashin filo. Da ya nuna min ita na yi masa barka, don ya dawo da ransa, kuma na ga yana son in yi murna.

In an tambaye ni abin da ya rage na Baba, ba akwatin zan nuna ba, ko da yake yana nan a gidana, ban buɗe shi ba tun bara. Abin da ya rage shi ne ya hana mu jin labari daga gefe ɗaya mu kwanta. Bai bar wa kansa daɗin ƙin Turawan nan ba, bai kuma bar wa kansa daɗin yafe musu ba. Gado ne mai nauyi, kuma ni ya faɗa wa.

Ana gobe Mubarak zai koma, muna ninke kayansa, na yi masa tambayar da na tabbata Baba zai yi. Na ce, "Lokacin da kuka mayar da harbi, su wa ke can ɗaya gefen?" Ya ci gaba da ninke rigarsa. Can ya amsa, kuma da Hausa ya amsa, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya ce, "Umma, ba ma ganinsu. Ɗigo muke gani a allo." Ya sa rigar a jaka, sannan ya ce, "Amma ina tunaninsu."

Allah ya ji ƙan Baba, ya haskaka makwancinsa. Allah ya dawo min da ɗana lafiya, ya kuma dawo wa matan can gefen da nasu.