Badaru Ba Ya Ɗora Mutum a Kan Buhu

Shekara ashirin da biyu Badaru yana jan a-kori-kura daga ƙauyenmu zuwa kasuwar Zakirai, ba a taɓa jin ya yi musu da babba ba. Mutum ne da ko akuya ta tare masa hanya, sai ya ba ta haƙuri kafin ya danna hon.

Mu kuwa a nan manomi ba ya rabuwa da buhunsa. In an gama lodin gero, mai gero sai ya haye can ƙololuwa ya zauna a kan nasa, yana dafe da hula, don kada a musanya masa da na maƙwabci. Da aka zo da dokar hana ɗaukar mutane a saman kaya, duk gari dariya aka yi. Ban da Badaru. Shi ya kai Basiru, ɗan maƙwabcinsa, asibiti bara, ranar da motar tasa ta faɗa rami ta watso Basirun daga kan lodi. Har yau Basiru da sanda yake zuwa masallaci.

Ranar kasuwa, surukin Badaru, Alhaji Sabiru, ya tattare babbar riga ya haye kan buhunansa. Badaru ya kashe mota, ya zare makulli, ya koma gindin darbejiya ya zauna.

"Baba, a sauko a shiga gaba."

"Kai! Tun kana zanin goyo nake hawa nan."

"Allah ya ƙara girma, Baba. Amma motar nan ba za ta motsa ba."

"To in na sauko, da buhunana zan sauko, har da na 'yan'uwana. Kakar bana ko zangarniya ba za ka ɗauka a garin nan ba!"

Rabin gonakin garin na danginsa ne, kuma Badaru ya sani. Ya ce, "Na ji, Baba." Ya ciro goro ya ɓantara.

Hantsi ya yi, masu tumatir suka fara tsaki. Sai ga Rumaisa, matar Badaru, 'yar Alhaji ta fari, da basilla da jan zare. Ta bi buhunan mahaifinta da hannunta ya kai, tana ɗinka wa kowanne alama, ta miƙa masa zaren ya ƙarasa na sama.

Ta ce, "Ga shaida nan, Baba. Buhu in ya faɗo ya fashe, ni zan ɗinke shi. Kai fa?"

Alhaji ya sauko yana mita, ya shiga gaba, ya ce kujerar ma ba ta da daɗi. Kafin a kai titi yana minshari.

Bai huce ba fa. Gyaɗarsa ta bana wani direba ya ba wa, Badaru kuma bai je roƙo ba. Sai dai waɗanda suka ga tashin motar wancan direban sun ce a gaba Alhaji ya zauna.